Yunwa da Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ciki Ke Juya Zafin Jiki

Duk shekara in hunturu ya shigo Kano ko azumi ya kama, tambayoyin nan ne dai suke dawowa, a majalisa, a waya, har a gidan biki sai wani ya jawo ni gefe: me yasa nake jin sanyi da la'asar in ina azumi alhali rana na dukan kowa, me yasa tuwo baya shiga a watan Afrilu, me yasa a Janairu nake ci kamar gara. Na gaji da amsawa daya bayan daya shi yasa na hada su waje guda. Wanda yake sauri ya nemi tasa kawai, amma masu kananan yara don Allah kada ku tsallake ta tamowa.

Wai menene ma homon din yunwa da ake ta fada?

Homon wani sinadari ne da wani bangare na jiki yake zubawa a jini don ya kai sako wani bangaren, dan aike kenan. Na yunwa suna da dan yawa amma guda biyu ne manya. Na farko girelin, tumbi ne yake yin mafi yawansa, yana tashi in ciki ya zama wayam, ya sauka bayan an ci abinci. Wasu masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa, su suka gano shi a 1999. Abin dariyar girelin shine yana rike lokaci, in ka saba cin rana karfe biyu to kafin biyun zai fara tashi ko ka ga abinci ko baka gani ba, in ka share shi kuma ya dan lafa. Shi yasa kwanakin farko na azumi suka fi wuya, daga baya yayi sabon sabo.

Na biyu leftin, shi kitsen jikinka ne yake yinsa, Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano shi a 1994 a jami'ar Rockefeller da ke New York. Girelin labarin tukunyar yau yake kaiwa, leftin kuma labarin rumbu: hatsi nawa ya rage. Akwai kanana irinsu insulin da wasu da hanji ke saki bayan cin abinci suna cewa an koshi, za su fito a kasa inda ake bukatarsu.

To mene hadinsu da zafin jiki? Ai ni na dauka aikinsu ci ne kawai

Ofis daya suke kai rahoto. A can kasan kwakwalwa akwai wani dan waje da ake kira haifotalamus, bai fi girman kwayar gujiya ba, shi ke kula da yunwa da kishirwa, shi kuma ke rike zafin jiki a wajen digiri 37. Kuma in ka duba ai dole su hadu, domin zafin jiki ba daga sama yake fadowa ba, abincin da ka ci ne ake konawa. Babban mutum yana zaune baya komai jikinsa yana fitar da zafi kwatankwacin tsohon kwan fitilar nan mai wat 100, dare da rana, kuma duk daga tuwo da shinkafa ake biyan kudin wutar.

Sai ka kwatanta da uwar gida mai tattali. In ta leka ta ga itace ya kusa karewa kuma maigida bai ce ga ranar da wani zai zo ba, zata janye wasu daga murhu ta bar wuta kadan. Haka kwakwalwa take yi: girelin yayi sama, leftin yayi kasa, sai ta dan rage wutar, ta tsuke jijiyoyin jinin fata don kada zafi ya tsere, in abin ya dade kuma ta rage homon din makogwaro, wato tairod, wanda shi ne ke saita saurin kone-konen jiki gaba daya.

Ina azumi, wajen la'asar sai in ji hannuna da kafata sun yi sanyi. Lafiya kuwa?

Yawanci lafiya lau. Daga sahur zuwa magariba a Kano awa 13 ne zuwa 14, kafin la'asar an dade da gama narkar da sahur din, zafin da narkarwa ke bayarwa ya kare, jiki ya koma kan sugan da hanta ta ajiye da kuma kitse. Sai ya fara tattalin da na fada a sama, kuma inda ake fara janye jini shine yatsu da tafin kafa da hanci. Ka hada da alwala da ruwan randa, ka zauna karkashin fanka ko a ofis mai esi, ga rashin motsi don kowa ya lafe yana jiran kiran sallah, dole ka ji shi.

Amma akwai wanda ba na wasa bane. In kana cikin rana tsaka, misali dan dako a Kwari ko Singa ko mai adaidaita sahu, sai ka ji tsikar jikinka na tashi kamar sanyi, ga jiri, ga ciwon kai, ga tashin zuciya, ko zufa ta dauke gaba daya, wannan zafi ne yake neman kayar da kai, ba ruwansa da girelin. A shiga inuwa, a jika jiki, a sha ruwa, in mutum ya fara rudewa a tafi asibiti. Hukuncin azumin kuma malamai sun yi bayaninsa tuntuni, rai ne a gaba. Masu ciwon suga ku duba taku tambayar a kasa.

Da gaske zafin jikin ke sauka ko ji ne kawai?

Duka biyun, amma jin ya fi saukar yawa nesa ba kusa ba. Fata ce ke kai rahoton sanyi, in yatsunka suka huce zaka rantse duk jikinka ya huce alhali can ciki yana nan kusa da 37 dinsa. Ko a mutanen da suka dade suna rage cin abinci daidai gwargwado, watanni ko shekaru, saukar da aka auna a cikin jikinsu bata wuce wajen digiri 0.2 ba. Kuma dama ko ba yunwa zafin jiki yana hawa da sauka kusan rabin digiri zuwa daya a kowace rana, ya fi sauka wajen karfe hudu na asuba, daidai lokacin da ake tashi sahur kenan, shi yasa fitowa daga bargo a lokacin take zama yaki.

Me yasa da na yi buda baki sai zufa ta karyo min?

Narkar da abinci aiki ne, aiki kuma zafi yake fitarwa. Kusan kashi 10 cikin dari na karfin abincin da ka ci a wajen sarrafa shi yake tafiya, ya fita a matsayin zafi. Amma ba duk abinci ne daya ba: sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kwai da wake ya fi, wajen kashi 20 zuwa 30, masu sitaci irinsu shinkafa da doya kashi 5 zuwa 10, mai kuwa kusan babu. Kaga wanda ya dora kosai da dafaffen kwai da farfesu a kan kunun tsamiya mai tururi ai ya hada wa kansa murhu uku.

Ga kuma sakon homon. Insulin ya tashi, girelin ya fadi, kwakwalwa ta samu labarin itace ya iso, sai ta saki jijiyoyin fatar da ta tsuke tun rana, jini mai dumi ya kwararo fuska da hannu. Wannan dumin da kake ji a sahun tarawihi kenan. In yana damunka raba cin biyu, dabino da ruwa da dan kunu tukuna, mai nauyin bayan isha'i.

A bazara abinci baya shiga, sai ruwa da kankana. Ciwo ne?

Ba ciwo bane, dabara ce. Tunda cin abinci yana kara zafi, jikin da yake fama da digiri 40 da wani abu na Afrilu da Mayu baya son kari. Tun 1948 wani masani a jami'ar Yale, John Brobeck, ya kawo wannan tunanin cewa dabba tana ci ne don ta ji dumi kuma tana dainawa don kada zafi ya yi mata yawa. Bayaninsa bai kama duka ba, amma gindin maganar yana nan, har an gano a beraye cewa wasu kwayoyin kwakwalwa masu cewa an koshi suna jin zafi da kansu, in kwakwalwar ta dan dumama sai su kunna. Shi yasa wanda ya gama buga kwallo da yamma baya neman tuwo nan take.

Mutanenmu sun san wannan ba tare da sun shiga dakin gwaji ba. Fura da nono da rana, lamurje, zobo, a bar tuwo sai dare in gari ya sha iska. Ka je 'Yan Lemo ta Na'ibawa a watan Afrilu ka ga inda kudin cefane yake tafiya. Abin lura kawai tsofaffi da yara, su in cin ya ragu shan ruwan ma raguwa yake, sai an bi su da shi.

Ni kuma a hunturu ne bana koshi, yanzu na ci yanzu yunwa. Haka kowa yake?

Kusan kowa. Daren Disamba da Janairu a Kano yana sauka kasa da digiri 15, dakunanmu kuma an gina su ne don zafi, ba abin dumama daki sai bargo da kaskon wuta. Jiki yana kona kari don ya rike 37, in ta kai ga karkarwa ma zafin da tsoka ke fitarwa yana ninkawa sau uku zuwa biyar. Kwayoyin kwakwalwar da girelin ke tasarwa don su ce a ci, sanyi ma yana tayar da su, an ga haka a beraye karara.

Sai dai in fada maka gaskiya, abin da muke ci a hunturu ya fi abin da sanyin ya kona. Mutumin da ya je Kofar Wambai ya sayo rigar sanyi biyu da hular sanyi da safa, yana zaune a shago, ba wani itace mai yawa ya kona ba, amma zai zauna teburin mai shayi ya sa a soya masa Indomie biyu da kwai uku yace ai sanyi ne. Rabin yunwa ce rabin kwadayin abu mai dumi.

Ta yaya aka san duk wannan? Ba hasashe bane irin na masu bincike?

Labarin daga wani bera ya faro. A 1949 a dakin binciken Jackson da ke Amurka aka ga wasu beraye suna ci ba kakkautawa har suka ninka 'yan uwansu kiba. Abin da ya daure wa mutane kai shine duk kitsen nan nasu basa jure sanyi, jikinsu ya fi na sauran hucewa, in aka sa su a daki mai digiri 4 cikin awanni sai su mutu, alhali siraran suna ta harkarsu. Wani masani mai suna Douglas Coleman ya yi shekaru yana nuna cewa akwai wani abu da ya bace a jininsu, sai a 1994 aka gane leftin ne. Rumbunsu cike yake amma dan aiken da zai fada wa kwakwalwa babu shi, don haka ita a wajenta fari ake yi: a ci, a kashe wuta. Da aka yi musu allurar leftin cin ya ragu, zafin jikin ya dawo daidai.

Bera lafiyayye ma in ya rasa abinci a wuri mai sanyi yana shiga wani irin dogon suma, zafin jikinsa ya fado kasa da digiri 30 na wasu awanni don ya tsira da dan abin da ya rage masa. An gwada an gani, girelin yana kara zurfin wannan suman, leftin kuma yana hana shi.

To ai mu ba beraye bane

Yauwa, kuma wannan ita ce maganar da masu sayar da magani a intanet basa so a yi. Bera dan mitsitsi ne, zafi na tsere masa da sauri, kaso mai yawa na abincinsa a dumama jiki yake tafiya. Mu muna da girma, muna da riga da bargo, bama yin wancan suman. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi, suka samu yara biyu 'yan uwan juna da aka haifa ba leftin, yunwarsu da kibarsu irin ta berayen ce sak, amma zafin jikinsu daidai yake. Kenan a mutum leftin ya fi karfi a bangaren ci.

Amma doguwar yunwa tana huce mutum, wannan an gani da ido. A 1944 zuwa 1945 a jami'ar Minnesota, Ancel Keys ya sa matasa 36 da suka yarda da kansu cikin gwajin yunwa, wata shida ana basu kusan rabin abin da suka saba ci, suka zubar da wajen kashi daya cikin hudu na nauyinsu. Kone-konen jikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin dari, bugun zuciya ya yi kasa, kuma kukan da suka fi yi bayan na abinci shine sanyi, tsakiyar lokacin zafi suna neman karin bargo.

Yaya, ina rage kiba, na sauke kilo takwas, yanzu ko fanka bana so. In daina?

Ba sai kin daina ba, amma ki duba saurin da kike yi. Abu uku ne suka hadu miki: kitsen da yake rufe ki kamar bargo ya ragu, abincin da kike narkarwa ya ragu don haka zafinsa ma ya ragu, sannan leftin ya fadi. Shi leftin baya jiran kitse ya kare, kwana daya zuwa biyu na rashin ci ya isa ya fado sosai, sai kwakwalwa ta rage tairod kadan ta shiga tattali. Rudolph Leibel da Michael Rosenbaum a jami'ar Columbia sun nuna cewa in aka mayar wa wadanda suka rage kiba leftin dinsu zuwa inda yake da, yawancin wannan tattalin yana warwarewa. Gwaji ne fa, ba magani ne da zaki samu a kemis ba.

Abin yi shine kada ki yanke ci gaba daya, rabin kilo zuwa kilo daya a sati ya isa, ki rike wake da kwai da kifi, ki dinga motsa jiki don tsoka ita ce babban murhu. Masu allurar rage kiba irin su Ozempic ma wasunsu suna kukan sanyi, kuma ba abin mamaki bane ga wanda cinsa ya ragu da yawa haka. In al'adarki ta dauke, ko gashi na zuba, ko kin fara tsoron abinci, to an wuce gona da iri, a ga likita.

Kenan mai kiba leftin ne ya yi masa yawa shi yasa kullum yake zufa?

Leftin din nasa da yawa kam, amma kwakwalwarsa ta daina sauraro sosai, kamar mai gida kusa da masu injin markade, kara tana nan shi dai ya daina ji. Shi yasa allurar leftin bata rage wa yawancin masu kiba komai. Zufar kuwa lissafi ne mai sauki: jiki babba ya fi kona abinci, daukar nauyin kansa aiki ne, ga kitse ya hana zafin fita. In ka auna shi zaka samu 37 dinsa kamar kowa.

Na ji ana maganar wani kitse mai kona kitse. Akwai shi?

Akwai, kitse mai ruwan kasa. Farin kitse ajiya ne, shi wannan murhu ne, yana kona mai ya fitar da zafi kai tsaye ba tare da karkarwa ba. Jarirai ne suka fi shi, a tsakanin kafadu da wuya, don sabon haihuwa bai iya karkarwa ba, da shi yake dumama kansa. An dade ana zaton yana bacewa in an girma, sai a 2009 aka tabbatar da na'urar daukar hoto cewa manya ma suna da dan kadan a wuya da saman kashin kafada, sanyi ne ke kunna shi, kwakwalwa ce kuma ke bada umarni, yunwa na sa ta rage masa wuta.

Dan kadan ne fa, kada wani ya sa ka wanka da ruwan kankara a Janairu wai zaka rame. Inda maganar take da amfani shine jariri: murhun nasa da nono yake aiki, jaririn da bai sha ba zai huce da wuri. Shi yasa Hukumar Lafiya ta Duniya tace a sa shi a nono cikin awa daya da haihuwa, a kwantar da shi a kirjin uwa fata da fata, a jinkirta wankan farko zuwa awa 24. Na san kakanni basa son jin ta karshen nan, amma a hunturu gaskiya a daure.

Yarona ya rame, kuma kullum jikinsa sanyi kalau ko da rana. Mene ne?

Hajiya wannan ita ce tambayar da tafi duk sauran nauyi, kuma ita ce dalilin da yasa na zauna rubutun nan. Duk abin da nace a sama na cewa saukar kadan ce, ga babba mai lafiya nake nufi. Yaro mai tamowa bashi da kitsen rufi, bashi da tsokar karkarwa, sugan hantarsa dan kadan ne, kwakwalwarsa ta riga ta rage wuta har karshe. Shi sanyin jiki da faduwar suga tare suke zuwa masa, kuma suna kisa, sau da yawa cikin dare ko da asuba lokacin da jiki dama yake hucewa kuma an dade ba a bashi komai ba.

Abin da ke rudar iyaye shine muna jiran zazzabi kafin mu ce yaro bashi da lafiya. Irin wannan yaron ko cuta ta shige shi ba lallai jikinsa yayi zafi ba, bashi da itacen hura zazzabin, sai ma ya kara hucewa. A ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya in aka auna hammatarsa aka ga kasa da digiri 35 to gaggawa ce. Ki bashi nono ko abinci nan take in yana iya hadiya, ki manna shi a kirjinki fata da fata ku rufa tare, ki sa masa hula, ki canza jikakken zani, kada ki yi masa wanka, kada ki manna masa kwalbar ruwan zafi ko ki kai shi bakin garwashi don fatarsa saurin konewa take. Sannan ku tafi asibiti a daren, kada a ce sai gari ya waye.

A asibiti abin da ake yi shine ciyarwa kadan-kadan duk awa biyu har cikin dare da madara ta musamman, da maganin kashe kwayoyin cuta, daga baya a koma abincin gyadar nan na leda. Asibitin yara na Hasiya Bayero, Murtala, Malam Aminu Kano, ko asibitin unguwa mafi kusa su tura ku gaba. In an auna damtsensa da tef din nan ya fada ja, wato kasa da santimita 11.5, ko kafafunsa biyu sun kumbura, kada ki jira sai jikin ya huce ma. Kuma don Allah abincin ledar nasa ne shi kadai, magani ne, ba na rabawa yayyensa ko kai wa kasuwa ba.

Me yasa mai zazzabi baya son abinci alhali jikinsa wuta yake?

A nan sojojin jiki ne suka kwace ofis din. Sinadaran da suke saki don yakar maleriya ko taifod su ke daga ma'aunin zafi sama, su kuma ke danne yunwa, ko girelin yayi kira ba mai amsa masa. Ga shi kowane digiri daya na zazzabi yana kara kone-konen jiki da kashi 10 zuwa 13 cikin dari, ana kashewa ba a samu, shi yasa sati daya a kwance sai wando yayi yawa. A bi mara lafiya da kunu da ruwa da romo kadan-kadan, yaro kuma in ya warke a kara masa ci na sati biyu ya mayar da abin da ya zuba, don daga nan ne tamowar da na fada a sama take samun kofa.

Shayi mai citta da yaji suna kara zafin jiki da gaske?

Suna sa ka ji dumi, wannan ba musu. Barkono da attaruhu suna da wani sinadari da ke taba jijiyar da ke jin zafi a baki, kwakwalwa ta dauka wuta ce, ta saki zufa, karshenta ma huce ka yake yi. Citta da kanumfari da masoro haka suke dan yi. Abin da ke dumama ka na hakika a kofin mai shayi shine ruwan zafin da sugan da madarar. Ka sha abinka, kawai kada a baiwa yaron da jikinsa ya huce yaji a ce magani ne.

Ina da ciwon suga, wani lokacin sai yunwa ta taso min da zufa mai sanyi da rawar jiki

Baba wannan kada a hada shi da sanyin la'asar na mai azumi. Alamar suga ya fadi ce, musamman ga mai allurar insulin ko wasu kwayoyin, in na'ura ta nuna kasa da 70, ko 3.9 a daya ma'aunin, a sha abu mai zaki nan take, suga karamin cokali uku a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake aunawa bayan minti 15, sannan a ci abinci. Faduwar suga tana hana jiki karkarwa ma, ga zufa na fita, don haka mutum na iya hucewa sosai. In ya suma kada a dura masa komai a baki, asibiti kawai. Kuma kafin azumi a je a zauna da likita a gyara awon maganin, tunda azumin yanzu baya yake ja da kwana 10 zuwa 11 duk shekara yana shigowa cikin sanyi, masu cewa ai ba zafi ba komai su ne za su fi sakaci.

Kullum ina jin sanyi ko na koshi. In je a auna min leftin, ko ciwon sanyi ne?

Kada ki bata kudinki a awon leftin ko girelin, hawa da sauka suke yi cikin yini kuma ba abin da likita zai canza saboda sakamakon. Abin da ya kamata a duba shine karancin jini, wanda ya yi yawa a matanmu masu haihuwa kusa-kusa, sai tairod musamman in akwai kasala da bushewar fata da kumburin wuya irin na makoko, sai suga, sai maleriya in sanyin yana zuwa da karkarwa yana tafiya. Barci ma a duba shi, an gwada a Chicago a 2004 an ga kwana biyu na barcin awa hudu ya daga girelin ya sauke leftin, masu kwana a waya sai ku ji.

Shi kuma abin da ake kira ciwon sanyi a gari, mai kaikayi da fitar ruwa ko zafin fitsari, kwayoyin cuta ne, suna ne kawai ya hadu, bashi da alaka da zafin jiki ko yunwa, kuma jarkar mai lasifika a bakin kasuwa bata maganinsa. Ki sayi ma'aunin zafi a kemis ki auna kanki safe da yamma na kwana uku, ki rubuta a takarda tare da abin da kika ci, ki tafi da ita wajen likita.